IHU BAYAN HARI: ME MUKA KOYA DAGA KAWO?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu, domin in tayar da wata magana wadda na san wasu za su ce ta riga ta kwanta, a ƙyale ta ta yi barci. To, ni kuwa a ganina binne ta aka yi da ranta, kuma muddin ba mu tono ta mun dube ta da idon basira ba, za ta ci gaba da dawo mana cikin sabuwar riga. Ra'ayi riga ne, kowa da irin tasa. Wanda ya ga na kauce, ga fili ga mai doki, ya ɗauki alƙalami ya mayar mini da martani a fitowa ta gaba.

Ranar Laraba, 23 ga watan Yuli, 2014, cikin goman ƙarshe na watan azumi, bom ya tashi har sau biyu a garin Kaduna. Na farko ya tashi ne da tsakar rana, kusa da Dandalin Murtala, daidai lokacin da jama'a ke watsewa daga wajen rufe tafsirin Shehu Dahiru Usman Bauchi, suna rakiyar motarsa. Na biyu kuwa ya biyo baya ne da kimanin sa'a biyu, wajen ƙarfe biyu da rabi, a kan titin Ali Akilu, dab da kasuwar Kawo. A nan ne wata mota ta yi ta ƙoƙarin kutsawa cikin ayarin Janar Muhammadu Buhari, Allah ya ji ƙansa, yana kan hanyarsa ta zuwa Daura, motar 'yan rakiyarsa tana tare ta, har sai da aka iso cunkoson kasuwa, aka rage gudu, sa'an nan mai motar ya samu yadda yake so, ya tayar da abin da ya ɗauko. Shehu ya tsira, Janar ya tsira. Waɗanda ba su tsira ba su ne almajirai da 'yan kasuwa da masu wucewa, mutanen da suka fito da azumi a bakinsu suna neman abin da za su kai gida a sha ruwa da shi. 'Yan sanda suka ce mamatan kusan 40 ne, wasu kafofin labarai na ƙasashen waje suka ce 82. Mai karatu, ka dubi wannan tazara da kyau. Ƙasar da ta kasa tsare mutanenta da rai, ashe ko gawarsu ma ba ta iya ƙirgawa.

Duk lokacin da irin wannan abu ya faru, akwai tambaya uku da ya kamata al'umma mai hankali ta yi. Ta farko, wa ya aiko? Ta biyu, wa ya yi sakaci har aka samu hanya? Ta uku, su wa suka mutu, kuma wa zai riƙe iyalansu? Abin da nake tuhumarmu da shi, mu da mahukuntanmu baki ɗaya, shi ne mun rungumi tambaya ta farko ita kaɗai, muka amsa ta da katin jam'iyya, muka bar sauran biyun suka bi shanun sarki. An bar jaki ana ta dukan taiki, jakin kuwa har yau yana nan yana kiwo.

Bari mu fara da sakacin. Babu wani jami'in tsaro mai kunyar Allah da zai ce abin ya zo masa ba zato ba tsammani. A wannan Kawo ɗin dai, cikin watan Fabrairun 2012, ɗan ƙunar baƙin wake ya kai hari hedikwatar Runduna ta Ɗaya ta sojojin ƙasa. Ranar Ista ta wannan shekara bom ya hallaka mutane da dama a tsakiyar Kaduna. Ranar 19 ga Janairu, 2013, aka buɗe wa motar Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta a cikin birninsa, direbansa da dogaransa suka rasa rayukansu. Ranar 1 ga Fabrairu, 2014, aka harbe Malam Albani a Zariya. Ranar 14 ga Afrilu bom ya tashi a tashar Nyanya, a daren kuma aka kwashe 'yan matan Chibok. Ranar 30 ga Mayu aka kashe Sarkin Gwoza a kan hanya. Watau yaro ma da ke sauraron rediyo a shagon mai shayi ya san cewa ana farautar sarakuna da malamai da manyan 'yan siyasa, ya kuma san cewa taron jama'a shi ne abincin masu wannan ta'asa. Ranar rufe tafsiri kuwa ba a ɓoye take ba, kowace shekara an san ta, an san wurin, an san hanyar da malamin zai bi ya koma masauki. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kunnen hukuma ya ji har ya gaji da ji, amma jikin talaka ne ya sha.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sa'o'in nan biyu da ke tsakanin bom na farko da na biyu. A ce an shammace ka da fari, to, mun ji. Amma bayan ƙara ta girgiza gari, hayaƙi ya tashi, an fara jigilar gawarwaki zuwa asibiti, ina dalilin da zai sa a ce wata motar maƙare da bom tana yawo a kan babban titin da ya ratsa garin, tana bin tsohon Shugaban Ƙasa kuma jigon 'yan hamayya, a unguwar da ke maƙwabtaka da barikokin soja, ba wanda ya tare ta sai direban motar rakiya? Wa aka ɗora wa alhakin sanar da manyan mutanen da ke cikin gari cewa su dakata? Wa aka ɗora wa alhakin tsaurara bincike a mashigar gari da mafitarsa? In akwai wanda aka ɗora wa, me ya yi cikin minti 120 ɗin nan? In kuwa babu, to, me ake yi da maƙudan kuɗin da ake warewa kowace shekara da sunan tsaro?

Na san abin da 'yan kanzagi za su ce: wai mutumin da ya riga ya sayar da ransa ba a iya tare shi, ko a Turai ma ana yi. Wannan magana rabinta gaskiya ce, rabin kuma mafaka ce ta malalaci. Lalle idan ɗan ƙunar baƙin wake ya riga ya iso tsakiyar kasuwa, sai dai addu'a. Amma fa ba a kasuwa ake haɗa bom ba. Sai an sayi mota, an tara kayan haɗi, an kama gida an ɓoye su, an sa wani ya yi ta gadin ƙofar wanda ake hari har ya san ranar fitarsa da hanyar da zai bi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ƙofa ce da 'yan sandan ciki za su iya shiga ta cikinta, domin wannan shi ne ainihin aikin da ake biyansu albashi su yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shingayen da aka cika tituna da su a waɗannan shekaru kuwa, duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya san abin da aka fi bincikawa a wurin, aljihun direba ne.

To, me ya tsare Janar a ranar, bayan kiyayewar Ubangiji? Mota ce mai sulke, wadda kamar yadda shi da kansa ya faɗa daga baya, Gwamnan Kano na lokacin, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, ya ba shi kyauta. Mai karatu, ka tsaya ka auna wannan. Mutumin da ya mulki ƙasar nan daga ƙarshen 1983 zuwa watan Agustan 1985, kyautar aboki ce ta tsaya tsakaninsa da wuta. In haka ne ga mai tauraro a kafaɗa, ina labarin mai sayar da lemo a bakin titi, wanda sulkensa rigar da ke wuyansa ce? Tun ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikin cunkoson motoci a Ikko, cikin motar da harsashi ke hudawa, manyanmu suka ɗauki darasi, amma darasin da suka ɗauka na tsare kansu ne kurum: sulke, jiniya, kwambar motoci, da dogayen katangu. A shekarar 2018 Shugaban Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, Mike Okiro, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan sanda fiye da 150,000 suna gadin manyan mutane ne da waɗanda ma doka ba ta ba su wannan gata ba. Tsaro a ƙasar nan ya zama kamar rijiyar burtsatse a gidan attajiri, mai hali ya haƙa tasa, marar hali ya sha gulbi.

Yanzu kuma sai mu juyo kanmu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma laifin ba na hukuma ba ne ita kaɗai. Tun hayaƙi bai gama washewa a Kawo ba muka rabu gida biyu. Gida na farko suka rantse cewa gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ce ta aiko, domin ta kawar da abokin hamayya kafin zaɓen 2015. Gida na biyu suka rantse cewa Janar ne ya shirya wa kansa wasan kwaikwayo domin a tausaya masa. Babu wanda ya kawo hujja ko ta sisin kwabo, kowa abin da zuciyarsa ke so ya mayar gaskiya. Waɗanda suka ce wasan kwaikwayo ne, ina so su gaya mini wane irin ɗan wasa ne zai zauna cikin motar da za a tayar wa bom a gefenta, kuma su je su maimaita wannan magana a gaban matar da aka kawo mata gawar mijinta ana saura kwana kaɗan salla. Waɗanda kuma suka ce gwamnati ce, ina so su gaya mini, da jam'iyyarsu ta karɓi mulki bayan wata goma, dukkan takardun asirin ƙasa suka dawo hannunta, me ya hana ta fito mana da hujjar? Zato ya fi karkata ga Boko Haram, kuma salon harin irin nasu ne, amma zato ba ya zama hukunci sai an kai shi gaban alƙali.

Ga kuma abin da ya faru a wurin. Matasa cikin fushi suka cafke wani saurayi da aka gani sanye da kayan mata, suka far masa, sai da sojoji suka karɓe shi, hedikwatar tsaro kuma ta ba da sanarwa cewa yana hannu ana bincike. In mai laifi ne, da an kashe shi a wurin, da an kashe bakin da zai tona sauran. In kuma ba shi da laifi, da an ƙara gawa ɗaya a kan gawarwaki. Ta kowace fuska aka duba, fushin taron jama'a aiki yake yi wa masu tayar da bom. Ina kuma ƙalubalantar duk wani ɗalibin shari'a ko malaminsa da ke karanta wannan mujalla, ya kawo mana sunan kotun da ta yanke wa wani hukunci a kan harin Kawo, ko sunan jami'i ɗaya tak da ya ajiye aikinsa saboda kunyar abin da ya faru.

Akwai kuma gida na uku, masu cewa ƙaddara ce, a bar wa Allah. Babu Musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu tun muna makarantar allo cewa mai raƙumi ɗaure shi ake umartarsa ya yi tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. Mai gadin da ya yi barci ɓarawo ya kwashe kaya, in ya ce wa maigida ƙaddara ce, gaskiya ya faɗa, amma duk da haka korarsa za a yi. Abin mamaki, manyan da ke yi mana wa'azin ƙaddara a wajen ta'aziyya, cikin mota mai sulke suke zuwa, cikinta suke komawa.

Gwamnan Kaduna na lokacin, Mukhtar Ramalan Yero, ya kafa dokar hana fita ta sa'a 24. Ba zan zarge shi a kan wannan ba, domin duk wanda ya san tarihin Kaduna na 2000 da 2002, da kuma tarzomar bayan zaɓen Afrilun 2011, wadda aka ƙiyasta ta ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa cikin kwana uku, ya san gwamnan yana da hujjar jin tsoro. Sai dai mu tambayi kanmu, tsoron wa ya ji? Mai bom ya riga ya gama aikinsa. Mu aka ji wa tsoro, kada mu fita mu huce haushinmu a kan maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan abin kunya ne a gare mu, ba kaɗan ba. Bayan 'yan kwanaki, da aka kai masa gaisuwar salla, Shugaba Jonathan ya gode wa Allah da mutanen nan biyu suka tsira, ya ce da an same su da ƙasar ta rikice. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiya ce mai ɗaci, domin ma'anarta ita ce ran mutum biyu zai iya ƙona Nijeriya, na mutum 40 ko 80 kuwa bai hana kowa hawan salla da sabuwar riga ba. Mako guda cif bayan Kawo, ranar 30 ga Yuli, bom ya tashi a tsakiyar 'yan'uwanmu ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, suna duba sunayensu na tafiya bautar ƙasa. Ranar 28 ga Nuwamba kuma aka kashe fiye da mutum 100 a Babban Masallacin Juma'a na Kano. Wannan shi ne ladan tambayar da ba a yi ba.

Domin kada a ce abin da nake nema ba ya yiwuwa a duniya, bari in ɗauko misali daga wata ƙasa da irin wannan ya faɗa wa. Ranar 13 ga Yuli, 2024, a garin Butler na ƙasar Amurka, wani saurayi ɗan shekara 20 ya hau rufin wani gini da bai kai nisan mita 150 ba daga inda Donald Trump ke jawabin neman zaɓe, ya yi harbi takwas, ya ji masa rauni a kunne, ya kashe mutum ɗaya daga cikin 'yan kallo, ya raunata biyu. Mutanen gari sun hango shi a kan rufin suna ta nuna wa 'yan sanda kafin ya harba. Sakaci ne tsagwaronsa, kuma su ma nan take suka rabu gida biyu kamar mu, masu cewa shiri ne da masu cewa gwamnati ce. Ba na yi wa Amurka kallon aljanna, ƙasa ce da bindiga ta zame wa annoba. Amma ga inda muka bambanta. Ranar 22 ga wata majalisa ta kira shugabar hukumar da ke tsaron shugabanninsu, Kimberly Cheatle, 'yan jam'iyyun biyu suka yi mata ruwan tambayoyi a bainar jama'a. Kashegari, 23 ga Yuli, ranar da harin Kawo ya cika shekara goma daidai, ta yi murabus. Aka kafa kwamitoci, aka buga rahotanni kowa ya karanta, daga baya aka dakatar da jami'ai shida. Ji-ta-ji-ta ba ta mutu a can ba, amma ba ta hana a tambayi mai gadi inda yake lokacin da ɓarawo ya shigo ba.

Wani zai ce ai mun ba da tamu amsar da ƙuri'a, tun da ranar 28 ga Maris, 2015, mun kawar da gwamnatin da ta gaza, mun ɗora wanda aka kai wa harin. To, sai me ya biyo baya? Ba a zagin mamaci, ni ma ba zan yi ba, Janar ya koma ga Mahaliccinsa ranar 13 ga Yuli, 2025, yana kwance a Daura. Amma mulki amana ce ta jama'a, tarihinsa kuma ba ya shiga kabari tare da mai shi. A zamaninsa ne, cikin watan Agustan 2021, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta Kaduna, suka kashe hafsa biyu suka tafi da ɗaya. Ranar 28 ga Maris, 2022, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka kashe na kashewa, aka kwashi fiye da mutum 60 zuwa daji, na ƙarshensu ba su dawo ba sai cikin watan Oktoba. Ranar 5 ga Yuli na wannan shekara aka buɗe wa ayarin ma'aikatan fadarsa wuta kusa da Dutsinma, suna kan hanyar Daura domin shirya masa hutun salla, a daren kuma aka fasa gidan yarin Kuje, ɗaruruwan fursunoni suka tsere. Shekara takwas tsakani, hanyar Daura dai, gab da salla dai. Mun sauya direba, amma ba wanda ya buɗe injin motar ya duba, domin mun ɗauka cewa matsalar ita ce wane ne ke sama, alhali kuwa matsalar ita ce babu wanda ke biyan kuɗin sakacinsa, ko wane ne a sama.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, maganata gare ku take, domin talakan da ke biyan harajin da ake karantar da mu da shi bai aiko mu nan don mu zama 'yan amshin shatan 'yan siyasa ba. Idan aka sake kai wa wani babba hari, ko kana ƙaunarsa ko kana ƙinsa, kafin ka buɗe baki ka ce wane ne ya aiko, ka tambayi wa ke bakin aiki a ranar, me aka gaya masa, me ya yi. Labarin da ba ka san tushensa ba, in ya iso wayarka, ya mutu a nan. Ƙungiyoyinmu su rubuta wa wakilanmu na majalisa takarda, su nemi a yi zaman bincike a fili, a buga rahoto, a fassara shi da Hausa yadda mai sayar da lemo zai ji, in an yi shiru su sake rubutawa. Ita kuma wannan ƙungiya tamu ta Hausa, wadda ke tura ɗalibai ƙauyuka kowace shekara su tattaro tatsuniyoyi da waƙoƙin daka, me zai hana ta tura wasu Kawo da unguwannin Kaduna, su zauna da iyalan waɗanda suka rasu ranar 23 ga Yuli, da yardarsu, su rubuta ko su wane ne, me suke sayarwa, 'ya'ya nawa suka bari? In hukuma ta kasa ƙirga su, mu da muka iya riƙe alƙalami ba mu da uzuri.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu a Kawo da Dandalin Murtala, ya ba iyalansu haƙuri, mu kuma ya ba mu zuciyar yin tambaya tun kafin a sake kiranmu jana'iza. Wassalam.